Magudanar da Ba Ta da Mai Ita

Shekarar da Valero ya karɓi gonar gangare daga hannun mahaifinsa, tirela bakwai ta masara ya kai sikelin ƙungiyar manoma, kuma bai ga abin mamaki a ciki ba. Haka ƙasar Almudera take tun da aka jawo mata ruwan dam: ka ba ta ruwa ta ba ka masara, ba ruwanta da ko kai mutumin kirki ne. Sai bakwai ta koma shida. Shida ta daɗe har aka saba da ita, sannan ta zame zuwa biyar. Bara tirela uku ya kai, ta ukun ma ba ta cika ba.

A mashayar Casilda, inda tsofaffin ƙauyen ke buga karta bayan abincin rana, kowa yana da bayani. Wani ya ce irin zamani ne, ba shi da ƙwari. Wani ya ce zafi ne ya ƙaru. Wani ya ce gwamnati ce, don shi ko haƙorinsa ne ya yi ciwo gwamnati ce. Valero yakan gyaɗa wa kowanne kai, kuma duk wanda ke teburin ya san ba haka ba ne. Abin ba ya buƙatar karatu. Wanda ya bi ta gangare da rana zai ga ƙasar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Gishiri ne. Ruwa yana shiga gonar ba ya samun mafita, sai ya kwanta a ƙarƙashi, ya taso da gishirin ƙasa har saiwar masara. Mafitar kuwa tana nan, kowa ya san ta: magudanar da ta raba gonar Valero da ta Anselmo. Laka da ciyawar kacalla sun cike ta har kwaɗi ma sun yi ƙaura.

Anselmo ɗan goggon Valero ne. Tare suka shiga makaranta, tare aka gaji da su. Gishirin yana cin gonarsa shi ma, daidai yadda yake cin ta Valero.

A Almudera akwai wata ƙa'ida da ba a taɓa rubutawa ba, shi ya sa ba ta gogewa: mai magudana shi ke yashe ta, wanda kuma ya sa shebur a cikinta ya amsa ke nan cewa tasa ce. Lokacin da gonakin biyu suke hannun kakansu babu tambaya. Bayan an raba su ma, wanda ya samu hali shi ke yasa, ba wanda ya damu. Sai wata shekara, fiye da goma da suka wuce, aka tafka ruwan sama, magudanar ta cika ta ɓalle, ta kashe albasar Anselmo, ta kwantar da masarar Valero. Washegari a gaban jama'a Anselmo ya ce, "Magudanarka ta kashe mini albasa." Valero ya ce, "Magudanar wa?"

Daga nan shebur bai sake shiga cikinta ba. Wanda ya yashe ta yanzu ya ɗauki laifin ambaliyar. Ba wanda ke neman diyya, albasar ta daɗe da zama taki. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma a kanta dattijai biyu suka zuba ido gonakinsu suna mutuwa. Littattafan tarihi cike suke da yaƙe-yaƙe a kan abin da bai kai wannan ba, sai dai su waɗancan ana kafa musu gunki a dandali.

Da Nieves, matar Valero, tana raye, da ta kashe maganar a yini ɗaya da ludayi a hannu. Amma ta rasu kafin ambaliyar, kuma tun daga nan babu mai gaya masa cewa shi wawa ne a lokacin da maganar za ta amfane shi.

Sai 'yarsa Orosia, wadda ke aikin ofis a Zaragoza, tana zuwa ranar Lahadi. Shi da kansa ya mayar da gonar sunanta lokacin da zuciyarsa ta taɓa tsorata shi, kuma tun da ya warke yake cizon yatsa. Wata Lahadi a ƙarshen sanyi, suna cin gasasshen naman rago da dankali, ta ajiye cokali.

"Baba, mutanen kamfanin wutar sola sun sake kirana."

"Ki ce musu kin mutu."

"Na gaya musu bara, ba su yarda ba. Gangare suke so. Su zuba tsakuwa, su jera farantansu, kai kuma ka huta."

"In huta in yi me? In ɗauki kujera in zauna ina kallon madubi yana shan rana a gonar kakana?"

"Kakanka masara ya noma. Kai gishiri kake nomawa." Ta miƙo masa burodi. "Ka bar ni in kawo katafila. Yini ɗaya ta gama da magudanar nan."

"Katafilar da 'yata ta kawo ai ni na kawo ta. Gobe ki ga Anselmo ya shiga wurin Casilda yana taku kamar zakara."

"To shi ke nan, ka ji nawa. Ban ce bakwai ba, ban ce biyar ba. Idan masarar bana ta fi ta bara, ko da buhu ɗaya ne, na bar maganar. Idan ta gaza, da kaka zan sa musu hannu."

Ya dube ta. Haɓar uwarta ce da ita, kuma ya san ba a ciniki da wannan haɓar.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi ta zagaya gonar, hannu a baya. Ya san babu takin da zai saya, babu irin da zai canza, da zai hana uku komawa biyu. Ya kuma san cewa zai fi masa sauƙi ya ga farantan a kan gonar da ya ji Anselmo yana cewa, "Ashe dai taka ce." Sanin duka biyun bai rage masa komai ba, sai dai ya rage masa cin abinci.

A watan Afrilu aka yi ruwan sama na kwana biyu, mai laushi, irin wanda ke fito da dodon koɗi. Da ya ɗauke, rabin ƙauyen ya fita da bokiti, don a Almudera ba a wasa da dodon koɗi da tafarnuwa. Shi kuma dodon koɗi ba shi da ubangida. Kana iya shiga gefen gonar kowa, ka buɗa ciyawa, ka yanke ta ma idan ta tare maka, ba mai ce maka don me. Valero ya ɗauki nasa bokitin ya gangara, ba don yana marmari ba, don dai gidan ya yi masa shiru. Ƙafarsa ta kai shi bakin magudanar. Shekaru ba mai zuwa wurin, ga dodon koɗi nan jingim a jikin kacalla.

Ya kama wani tushe don ya kai ga waɗanda suka maƙale a gindinsa. Ƙasar ta jiƙa, sai tushen ya tuge gaba ɗaya, da saiwa da laka. Wani baƙin ruwa ya silalo ya cika ramin da ya bari.

Valero ya tsaya yana kallon ruwan. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Sannan ya tuge wani tushen, wanda babu ko dodon koɗi ɗaya a jikinsa.

Washegari ya zo da lauje. Rana ta uku ya zo da shebur da dogon takalmin roba, ya ajiye bokitin a kan gaɓa inda makaho ma zai gan shi.

Yana cikin laka har gwiwa sai ya ji ƙarar keke ta tsaya a ɗaya gaɓar.

"Kai, ɗan kawu," in ji Anselmo. "Me idona yake gani?"

"Dodon koɗi."

"Da shebur?"

"Manyan suna ƙasa."

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an haƙo dodon koɗi kamar dankali ba."

"Uwarka goggona ce, Allah ya ji ƙanta, amma ko dafa su ba ta iya ba. Ina za ka sani?"

Anselmo ya jingine keken ya matso. Ya leƙa bokitin daga nesa, ya ga 'yan tsiraru suna yawo a gindi. Ya dubi tarin laka a bayan Valero, ya dubi tsawon da aka buɗe. Bakinsa ya motsa. Valero ya ƙanƙame shebur. Kalma ɗaya ta isa. Idan mutumin nan ya ce "yasa", to ko dai ya fito ya bar gonar ga masu faranti, ko ya tsaya ya ɗauki albasar a kansa har kabari.

Amma idon Anselmo ya wuce shi, ya sauka a kan tasa gonar, inda farin ya kai har gindin itacen ɓaure. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya sosa sanƙo.

"Na wannan gefen nawa ne," ya ce.

"Dodon koɗi ba shi da ubangida."

"Shi ya sa ba zan bar maka su kai kaɗai ba, ɓarawon banza."

Da safe sai ga shi da nasa shebur da nasa bokiti.

Haka suka kama, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kiran ɗan uwansa rago. Laka ma sai da ta zama magana, don gaɓar da aka tara ta a kai ana iya cewa ta mai magudanar ce. Ba su tattauna ba, sai kawai aka ga shebur ɗaya yana zuwa dama, na gaba yana zuwa hagu. Da rana su zauna kowa a gaɓarsa, Valero ya jefa wa Anselmo cuku, Anselmo ya jefo masa salkar giya, ya ce ya sha a hankali, ba gadonsa ba ce.

Sai dai shekara saba'in ba ta san dabara ba. Magudanar doguwa ce, lokacin shuka yana matsowa, su kuma abin da suke buɗewa a yini saurayi zai gama kafin karin kumallo. Ranar Laraba gadon bayan Valero ya riƙe. Anselmo ne ya jawo shi waje, yana zaginsa a kan nauyi. Suka zauna a gaɓa ɗaya ba tare da sun lura ba, suna kallon abin da ya rage. Bai kai rabi ba abin da suka yi. A can ƙarshe kuma ga kwalbatin da ya bi ta ƙarƙashin hanya, ya toshe ƙam kamar an zuba masa siminti.

"Akwai su da yawa," in ji Anselmo a hankali.

"Sun fi ƙarfinmu," in ji Valero.

Ƙauye ba ya rasa ido. Washegari, ana tsakiyar karta, Casilda ta buga cokali a jikin kofi. Mace ce da ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya huɗu, ba abin da ke ba ta mamaki kuma.

"Ranar Asabar zan dafa dodon koɗi na duk gari," ta ce, "idan an kawo mini isasshe. An ce na magudanar gangare sun fi ƙiba. An ce kuma sai da shebur."

Ba wanda ya yi dariya. A tarihin Almudera ba a taɓa yin aikin da ya kai danne dariyar nan wuya ba.

Ranar Asabar gangare ya cika. Maza da mata, kowa da bokiti a hannu ɗaya, shebur ko lauje a ɗayan. Aka jeru cikin laka ana ta hira a kan yadda dodon koɗin bana ya yi zurfi. Wani surukin Casilda, ɗan birni da ya zo hutu, ya tsaya a gaɓa da farin takalminsa ya ce da fara'a, "Kai, madalla! Ashe yau ake yashe magu..." Casilda ta taka masa ƙafa da duk nauyinta, ta danƙa masa bokiti, ta ce ya je can nesa ya nemo ƙanana.

Valero yana zaune a kan kwando saboda bayansa, yana ba da umarnin da ba mai bi, sai ya ga motar Orosia ta tsaya a hanya. Ba Lahadi ba ce. Ya harari Casilda, ita kuwa ta shagala da kallon sama.

Orosia ta gangaro ta tsaya kusa da shi, ta dubi jama'a, ta dubi tarin laka dama da hagu.

"Baba, wannan fa?"

"Dodon koɗi."

"Na gani." Ta ɗaga murya. "Kawu Anselmo, ana samu kuwa?"

"Sai godiya, 'yata. Da mun fi haka, ubanki ne ke korar su da fuskarsa."

Kafin la'asar aka kai bakin kwalbati, a nan kuma aiki ya tsaya. Aka zura sanda, aka zura ƙarfe, ko gezau. Ruwan da aka saki daga sama ya taru a bayansa, baƙi, yana ta hawa. Idan aka bar shi haka, duk wahalar ta zama an tara wa gonakin biyu tafki ne kawai. Kowa ya san abin da ake buƙata, kowa kuma ya san inda yake: taraktar Anselmo, mai hannun haƙa a baya. Amma ƙarya ma tana da iyaka. Ba a taɓa farautar dodon koɗi da tarakta ba, kuma wanda ya kawo inji ya yi yasa, ko Paparoma ne. Anselmo ya sunkuyar da kai yana goge shebur da ciyawa. Valero ya ji zuciyarsa tana bugawa irin bugun da likita ya hana.

Sai Orosia ta cire agogonta ta sa a aljihu.

"Kawu, ara mini taraktarka."

"Ki yi me da ita?"

"Ban taɓa sarrafa mai hannun nan ba. Ina so in koya."

"Yau?"

"Yau nake da lokaci. Ga kuma wuri mai laushi, ko na yi kuskure ba abin da zan fasa."

Anselmo ya dubi Valero. Valero ya dubi takalminsa.

"Za ki lalata mini giyar tarakta," in ji Anselmo. "Sai dai in zauna kusa da ke."

Casilda ta share hannu a jikin zanen gabanta ta ce, don kowa ya ji, "Tarakta tasa, hannun da ke tuƙi na 'yar wancan. Wanda ya iya raba wannan ya zo in ba shi kofi kyauta har ya mutu."

Koyon bai yi kyan gani ba. Sau biyu hannun ƙarfen ya daki gaɓa, sau ɗaya ya kusa ɗauke hular wani. Anselmo yana ihu, "Hagu, 'yar nan! Hagun mutane, ba hagun ubanki ba!" A karo na biyar ko na shida haƙoran suka kama wani abu, suka fito da dunƙulen saiwa da laka da tsohuwar taya. Kwalbatin ya yi wani gurnani kamar tsoho yana gyaran murya, sannan ruwan ya tafi. Baƙi ne, mai wari, har mata suka toshe hanci. Valero bai toshe nasa ba. Ya tsaya a kan ƙafafunsa, gadon bayan nan nasa da ya ce ba ya miƙuwa ya miƙe, yana kallon ruwan yana barin gonarsa.

Dodon koɗin da aka tara bai cika tukunya ɗaya ba. Duk da haka da yamma Casilda ta fito da manyan faranti huɗu, da tafarnuwa da man zaitun, aka ci aka ƙoshi. Buhun da ta sayo daga kasuwa yana bayan ƙofa, kowa ya gan shi, kowa ya yaba ƙibar na gangare.

Gishiri ba ya fita da biki. Valero ya yi shuka a makare, ya ba gonar ruwa mai yawa don ya wanke ta, kuma karon farko cikin shekaru ruwan ya shiga ya fita. Masarar da ke can sama ta tashi kore shar. Ta tsakiya ta yi dama-dama. Ta can ƙasa kuwa, kusa da magudanar, ta fito tsilla-tsilla, gajera, kamar gemun ɗan saurayi. Duk rani yana zagayawa yana lissafi a zuci, wata rana lissafin ya ba shi, wata rana ya hana shi.

Ranar girbi Orosia ta ɗauki hutu ta zo. Injin girbi ya shiga tun da raɓa ta bushe. Tirela ta farko ta cika da wuri, ta biyu ta bi ta. Ta uku ta daɗe, don injin ya kai ga wurin da ba shi da kirki. Valero ya hau kan tayar tirelar yana leƙawa, yana kallon masarar tana hawa a hankali, ta kai inda ta bara ta tsaya, inda ya san tsatsar ƙarfen kamar tafin hannunsa. Ta rufe wurin. Ta ci gaba har ta kai baki. Da injin ya gama layin ƙarshe sai da aka jawo ta huɗu, aka zuba mata abin da bai rufe gindinta ba.

"Wannan ai kaza ma za ta raina," in ji Anselmo, wanda ya zo wai wucewa yake yi. "Ni tawa ta huɗun ta kai gwiwa."

"Gwiwar wa? Taka ai a ƙasa take."

A harabar sikeli Orosia ta koma gefe da waya a kunne, mutanen sola ne a layi. Valero bai ji duka ba, ya dai ji ta ce, "A'a, ba bana ba, ba baɗi ba. Na gode." Ta dawo tana sa wayar a jaka.

"Na gaya wa ofis daga ƙarshen shekara kwana uku zan riƙa yi musu," ta ce. "Sauran ina nan. Kuma baɗi gefen ƙasan nan sha'ir za mu sa. Ya fi jure gishiri, ya ba wurin shekara biyu ya warke."

"Sha'ir? A gonar ban ruwa? Sha'ir ai na masu jiran ruwan sama ne. Me mutane za su ce?"

"Gonar wa ce, Baba?"

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Ta tafi mayar da taraktar da ta jawo tirelolin gida, shi kuma ya ce zai taka, ƙafarsa tana son motsi. Da ta ɓace a kwana sai ya shiga kantin ƙungiya, ya jira har mutum biyun da ke ciki suka fita, sannan ya matsa kusa da mai kantin ya rage murya.

"Irin sha'ir," ya ce. "Wanne ya fi kyau? Wani ne ya aiko ni."